Likita Ya Ce Bai Ga Komai A Bayana Ba, Wai In Rage Tunani

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, shekarata 43, ina zaune a Tudun Wada da iyali da yara biyar. Yau kusan shekara biyu ke nan ina fama da ciwon baya, daidai ƙugu. Ba faɗuwa na yi ba, ban kuma ɗaga wani abu mai nauyi ba. Ya faro ne lokacin da masu garkuwa suka ɗauke ƙanena a hanyar Birnin Gwari. Ni ne babba a gidanmu, ni nake magana da su a waya, yawanci kuma da tsakar dare suke kira. Na sayar da filina da kekunan ɗinki biyu, na ciwo bashi, Allah Ya sa ya dawo da ransa. Har yau ban gama biyan bashin ba, har yau kuma ƙarfe biyun dare nake farkawa gabana yana faɗuwa. An yi mini ƙaho, na sha maganin basir da na sanyi, na sha haɗin kemis, na ɗaura bel. Yanzu a kan kujera nake sallah, kuma sai na sha tiramol nake iya zama a kan keke. Da na je asibiti aka yi hoto da gwajin jini, likita ya ce bai ga komai ba, wai in rage tunani. Raina ya ɓaci, don kamar ya ce ƙarya nake yi, ko na samu taɓin hankali. Maiɗakina ta ce jifa ne. Wani lokaci sai in ji rayuwar ma ta fita raina. Malam, da gaske tunani yana sa ciwon baya?

Baban Ummi, Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Sannu da jiki, sannu kuma da ɗawainiya. Allah Ya ba ka lafiya, Ya warware maka bashin nan, Ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi wa ɗan'uwanka.

Eh, damuwa tana sa ciwon baya, ta ma fi ƙwarewa wajen hana shi warkewa idan ya riga ya kama. Amma wannan ba ya nufin ƙarya kake yi, ba ya kuma nufin ka taɓu. Ciwon da ya hana ka ruku'u ciwo ne na gaske, a jikinka yake. Likitan nan ya hango gaskiya, sai dai ya yanke maganar a tsakiya. Mutumin da ake bi bashi, wanda ya daɗe yana jin muryar masu riƙe da ƙaninsa a waya, ba a ce masa “rage tunani” a sallame shi. Ta yaya zai rage? Bayanin da ya kamata ya biyo baya shi ne ba a yi maka ba.

Kafin maganar baya, akwai abin da ka faɗa a ƙarshen takardarka da ba zan tsallake ba. Ka ce wani lokaci rayuwar tana fita ranka. In abin ya tsaya ga ƙunci da gajiya, to alama ce ta ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. In kuwa ya kai ga kana saƙa yadda za ka cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. A ranar ka faɗa wa maiɗakinka ko aminin da ka yarda da shi, ka miƙa musu ƙwayoyin da ke aljihunka su riƙe, su raka ka asibiti. Yaranka biyar sun fi buƙatar ubansu a kan duk wani fili da aka sayar.

Sai abin da dole a tabbatar babu shi, domin akwai ciwon bayan da ba ruwansa da tunani, wanda jinkiri ke ɓata shi. Idan ƙafa ta fara mutuwa ko kana jan ta, idan tsakanin cinyoyinka da mazaunai suka daina jin taɓi, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, haka bayan gida, to asibiti ne a take ko da tsakar dare ne. Jijiyoyin ƙasan laka ne ake dannewa, in aka ɓata lokaci ba lallai su dawo ba. Haka kuma ramewa ba dalili, zazzaɓi da gumin dare, ko tarin da ya ƙi ƙarewa: a ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana jin magani in aka gano shi da wuri. Ciwon ƙoda ma kan buga a baya. Tunda an yi hoto da gwaji ba a ga komai ba, ka gode wa Allah. Amma ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓullo, ka koma ba sai ka nemi shawarar kowa ba.

To me ya sa hoto bai nuna komai ba alhali kana jin ciwo? Ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba a duniya cikin lalurorin da ke nakasa mutane. A cikin kowane goma, kusan tara ba a iya nuna wani ƙashi ko wata cuta a ce ga dalilin. Akasin haka ma yana faruwa. A 1994 wasu likitoci a Amurka sun yi wa mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan hoton MRI, wato babban hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Fiye da rabinsu an ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya turo gefe, kashi 36 cikin 100 ne kawai aka samu nasu daidai gaba ɗaya, kuma dukansu suna ta harkokinsu lafiya lau. Na kawo maka wannan ne saboda na san abin da kan biyo baya. Wani zai ce ai ƙaramin hoto aka yi maka, je ka yi babba. Ka ciwo wani bashin, a rubuto maka sakamako da Turanci mai ban tsoro, ka dawo gida ka ƙara kwanciya. In likita bai ga alamar da za ta sa ya nema ba, ka bar kuɗinka a aljihu.

Ciwo ba a tsoka kaɗai ake ƙera shi ba. Jijiya tana ɗauko saƙo daga baya, ya bi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta auna ko akwai haɗari, sannan ka ji zafi gwargwadon abin da ta yanke. Tun 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa a cikin laka akwai inda ake ƙara wa saƙon ƙarfi ko a rage masa, kuma halin da mutum yake ciki yana daga abubuwan da ke juya shi.

Yanzu tuna kwanakin da ƙaninka yake daji. Waya ta yi ƙara ƙarfe biyun dare, ka zabura, ƙirji na dukan uku-uku, baki ya bushe, kafaɗu da ƙugu sun sandare. Jiki ne yake shirin faɗa ko gudu, yana zuba sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini, yana ɗaure tsoka. Shiri ne da aka yi don 'yan mintuna. Kai kuwa ka yi shi dare bayan dare, gari ya waye ka hau keke ka sunkuya ka yini, kana ɗinki kana lissafin inda cikon kuɗin zai fito. Tsokar da ba ta saki ba, ba ta kuma samu barci ba, dole ta yi tsami. Da komai ya wuce, da ciwon ya lafa cikin 'yan makonni kamar yadda yawancin ciwon baya yake yi. Amma ƙaninka ya dawo, tsoron bai tafi ba. Masu bin bashi suka maye gurbin masu garkuwa, kuma wayar nan dai ita ce har yanzu take faɗar maka da gaba.

Mu mutanen Kaduna mun san wannan a aikace. Bayan an yi rikici gari ya lafa, taya kawai za ta fashe a bakin Kasuwar Barci, sai ka ga ana ta rufe shaguna, iyaye na rugawa makaranta ɗauko yara. Ba abin da ya faru, amma gudun na gaske ne, wanda ya faɗi kuma ya ji ciwo na gaske. Haka jijiyoyin bayanka suka koma. Sunkuyon da a da ba ka ko lura da shi, yanzu shi suke ɗauka a matsayin hari. Masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun bi mutanen da ciwon baya ya soma kamawa har tsawon shekara guda suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. A 2013 suka wallafa cewa waɗanda ciwon ya zaunar wa, aikin ƙwaƙwalwarsu a kan ciwon ya tashi daga sassan da ke karɓar saƙon rauni ya koma sassan da ke kula da tsoro da ɓacin rai.

Daga nan kuma kowane abu sai ya riƙa ciyar da ɗan'uwansa. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara wa jiki jin ciwo. Ciwo ya rage ɗinki, kuɗi ya ragu, masu bashi suka matsa. Tsoron kada wani abu ya karye ya sa ka daina sunkuyo, ka ɗaura bel, ka koma kujera, tsokar da ya kamata ta riƙe bayan ta ƙara raunana.

Maganar maiɗakinka kuwa, ba zan ga laifinta ba. Ta ga mijinta ƙaƙƙarfa ya koma sallah a zaune, asibiti sun ce ba komai, dole ta nemi dalili. Addu'a da azkar ku riƙe su da kyau. Abin da nake gudu shi ne a fara nuna wani abokin sana'a ko wata 'yar'uwa da yatsa, a ɗora gaba a kan bashi, a kwashi kuɗin cefane a kai wa masu cewa za su tono abu a bakin shago. Waɗanda suka jefa ka cikin wannan hali ba a ɓoye suke ba, ka ji muryarsu da kunnenka.

Kada kuma ka yarda wani ya ce maka raunin imani ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS), baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Annabi ne, ma'abocin kyakkyawan haƙuri, duk da haka baƙin ciki ya taɓa jikinsa. Manzon Allah (SAW) kuma ya kasance yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje, duk a cikin addu'a guda. In ba ka haddace ta ba, limaminku zai koya maka.

Tiramol ɗin nan ya tayar mini da hankali. Dangin su kodin ne, jiki yana sabawa da shi, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, in ta sake ka ciwon ya dawo kamar ya fi na da. Yawansa yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma mai ƙarfin 225 da ake sayarwa a ɓoye ba ya cikin wanda hukuma ta amince da shi. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwon bayan da ya wuce wata uku. Ta ce a guji irin waɗannan ƙwayoyi, a guji dogaro da bel, a guji jan baya da na'ura. Abin da ta ƙarfafa shi ne a fahimtar da majiyyaci ciwonsa, a sa shi motsa jiki, a haɗa da tausa, da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, da maganin rage zafi irin su ibufurofen in likita ya ga ya dace. Amma in kullum kake shan tiramol, kada ka yanke shi rana ɗaya, don zufa da rawar jiki da gudawa da rashin barci za su mayar da kai. Likita ne zai riƙa rage maka a hankali. Ka faɗa masa ainihin adadin da kake sha, kada ka rage ko ɗaya, domin akwai magungunan damuwa da ba sa haɗuwa da shi. Haɗin kemis kuwa, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna, ka bar shi daga yau. Sau da yawa maganin zafi iri ɗaya ne aka ninka aka ƙara da deksametason, ƙarshensa gyambon ciki da ciwon ƙoda da hawan jini.

Bayanka yana buƙatar ya sake yarda cewa motsi ba haɗari ba ne, kuma ba ya yarda da baki sai a aikace. In an idar da sallar asuba kada ka koma shimfiɗa, ka taka na minti goma a layinku kafin gari ya cika da babura. Kullum, har ranar da ciwon ya motsa, sai dai ka rage nisa. Bayan mako ka ƙara minti biyu ko uku. Za ka ji tsami a farko, wannan ba ɓarna ba ce. Abin da ba a so shi ne ranar da ka ji sauƙi ka yi aikin kwana uku, ka kwanta kwana uku. A shago, duk sanda ka gama hannun riga ko ka zo canja zare, ka miƙe tsaye, ka dafa ƙugu ka ɗan banƙare, ka taka zuwa bakin ƙofa. Yanka da guga da kake bar wa yaran shago, ka riƙa karɓar wani ka sassaka shi tsakanin ɗinki, don kada zama ya yi tsawo. In benci kake zama, ka nemi kujera mai majingina da ɗan ƙaramin filo daidai ƙugu. Da dare a gasa maka wurin da tawul da ruwan ɗumi. Bel ɗin ka riƙa cire shi awa ɗaya, awa biyu, har ka manta inda ka ajiye shi. Ka kuma nemi a tura ka sashen gashin ƙashi, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Ka ce musu atisayen da za ka riƙa yi a gida kake so su koya maka, ba a ɗora maka na'ura kawai ka tashi ba.

Sallah a zaune halal ce ga mai lalura, ba ka da laifi. Amma kada ka ɗauka nan za ka tabbata. Ka fara da nafila raka'a biyu a ɗaki, inda ba liman da za ka bi, ka yi ruku'u a tsanake hannuwanka a kan gwiwa. In ta samu, sai ka gwada farilla guda.

Yanzu ɓangaren da na san zai fi yi maka nauyi. Ina so ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ko ka nemi likitan wannan fanni a Barau Dikko. Na san abin da sunan Barnawa yake sa mutum ya ji a garin nan. Amma masu rashin barci, masu fargaba, masu son rabuwa da ƙwaya, da waɗanda bala'i ya girgiza, duk can ake duba su, su koma gida a ranar. Farkawa a sa'a guda kullum da faɗuwar gaba, da zabura in waya ta yi ƙara, sanannun alamu ne na firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. In ka shiga, kada ka tsaya ga “bayana ke ciwo”. Ka faɗi garkuwar, ka faɗi bashin, ka faɗi barcin, ka faɗi tiramol, ka faɗi abin da ka rubuto mini a ƙarshe. Kada ka raina zaman tattaunawa ka ce ai surutu ne. A jihar Kolorado ta Amurka an raba masu tsohon ciwon baya 151 gida uku. Waɗanda aka yi wa zama na mako huɗu ana koya musu daina tsoron ciwon, kashi 66 cikin 100 sun rabu da shi ko sun kusa. Waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kashi 20, waɗanda suka ci gaba da abin da suka saba kashi 10. An wallafa wannan a 2021. Yawancinsu ciwonsu matsakaici ne, don haka ba alkawari nake maka ba, amma ya isa ya nuna maka hanyar ba ta banza ba ce. Ƙaninka ma ka tambaye shi yadda yake barci. In za ka je, ku tafi tare.

Bashin kuma, muddin yana cikinka kai kaɗai, bayanka zai ci gaba da biyan kuɗin ruwa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka samu takarda ka rubuta sunan kowa da abin da yake binka, ka tara 'yan'uwanku ka ajiye ta a gabansu. Kai ne babba, amma ba kai kaɗai aka haifa a gidan ba, kuma ba don kanka ka ci bashin ba. Masu binka ka je musu da ƙafarka tare da wani dattijo, a yanke abin da za ka iya bayarwa duk wata, komai ƙanƙantarsa, a rubuta. Alƙur'ani ya umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Ka yi wa limaminku magana a keɓe, ya san masu fitarwa a unguwa. Maiɗakinka ma ka nuna mata takardar. Na tabbata ta daɗe da sanin kana farkawa, shiru kawai take yi don ta ga ba ka son maganar. In kuma ciwon ya shafi tsakaninku a shimfiɗa, ka sani damuwa da tiramol kowannensu yana rage sha'awa. Ka faɗa wa likita, kada ka koma wurin masu maganin basir.

Wani ƙaramin abu da za ka iya yi a daren yau: ka canja sautin kiran wayarka, wanda ka yi ta ji a wancan lokacin, kuma daga ƙarfe goma ka kashe ta ka bar ta a falo. Goro da shayi mai kauri ka tsayar da su daga la'asar. In ka farka ƙarfe biyu, kada ka kwanta kana juyi kana lissafi. Ka tashi zaune, ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi ya fi jan tsawo, ka yi ta yi har ƙirjin ya lafa, sannan ka koma.

Sauƙin zai zo da hawa da sauka. Za ka yi mako biyu kalau, wani ya kira ka kan kuɗinsa, ka wayi gari ƙugu ya riƙe. Ba komawa baya ka yi ba, ka rage aiki na yini ɗaya ko biyu, ka ci gaba da tattaki. Lokacin da ya fi haɗari gare ka shi ne goman ƙarshe na azumi, sa'ad da teloli ke kwana a shago, kuma na san zuciya za ta raya maka cewa nan ne za ka rage bashi. Tun kafin watan ya kama ka ƙayyade yawan ɗinkin da za ka karɓa, ka faɗa wa kwastomominka ranar da za ka rufe karɓa, abin da ya haura kuma ka tura wa abokin sana'ar da ka amince da hannunsa.